Ajiye Sifanar Nan Sai Ka Ga Inda Ruwan Ke Bi

Ka ce tsohuwar motar da aka kawo maka tana shan ruwa, duk bayan kwana biyu sai an ƙara mata a lagireto, ka leƙa ƙarƙashinta ba ka ga ɗigo ba, kuma mai ita ya ce ba ta taɓa yin zafi ba. Shi ne kake tambayata ko ka canza tiyo da famfon ruwa ka sallame shi. Ajiye sifanar nan, yaro. Da ba ka faɗi maganar ƙarshen nan ba, da na bar ka ka koya da hannunka yadda muka koya. Amma "ba ta taɓa zafi ba" ɗin nan ita ce ta taɓa cinye mini aikin kwana tara da kuɗin da na daɗe ina tarawa, kuma har yau in na ji ta sai raina ya ɓaci.

Lokacin ban daɗe da buɗe garejin kaina ba. Wani mutum ya zo da Peugeot 504, ga shiga ta mutunci, ga magana mai laushi. Ya ce tiyon ƙasa ne ke ɗan tsiyaya, sauri yake, tafiya ce a gabansa. Na duba, da gaske tiyon ya kumbura a bakin kilif, wani farin abu ya bushe ya kama wurin kamar gishiri. Na kai hannu ƙarƙashin famfon ruwa, ɗan ramin nan da ke nuna sil ɗinsa ya mutu yana naso. Sau biyu na tambaye shi: "Yallaɓai, allurar zafi ta taɓa hawa?" Ya dafa ƙirji ya ce ko sau ɗaya.

Abu biyu na gani a ranar da ya kamata su tsayar da ni. Ruwan da na zubar ya fito da kauri kamar taɓo, ba tsatsa kaɗai ba. Sannan na buɗe gidan tamostat, abin nan da ke tsare ruwa kada ya tafi lagireto sai injin ya ɗumama, na tarar wayam, an cire shi. Amma mutumin na ta duba agogo, ni kuma sabon gareji, ina son in riƙe shi. Na sa tiyo, na sa famfo, na cika ruwa, ya biya ya tafi.

Kwana uku sai ga motar an jawo ta da igiya. Tun kafin ya sauko yake ɗaga murya, wai lafiyayyar mota ya kawo mini na kashe masa ita. Na zaro sandar awon baƙin mai, ya koma fari-fari kamar an zuba masa madara. Jama'a suka taru. Me zan ce? Ban gwada komai a gabansa ba, ban rubuta komai ba, hannuna ne na ƙarshe da ya taɓa injin. Manya suka ce in yi haƙuri in gyara. Na sauke tof silinda, wato kan injin, wanda a wannan injin na alminiyam ne, na ɗora masa miƙaƙƙen ƙarfe, sai ga haske na wucewa ta tsakiya. Gaskit, shimfiɗar da ke tsakanin tof da jikin injin, ya ƙone tsakanin silinda ta biyu da ta uku. Kuma injin 504 silif ɗinsa, bututun ƙarfen da fistin ke gudu a ciki, cirewa ake yi, ruwa na zagaye da su kai tsaye, shi ya sa in ka ɗaga tof dole ka danne su kafin ka juya injin, in ba haka ba su motsa, abin da ya toshe gindinsu ya saki, ruwa ya gangara cikin mai. Ƙarshenta sai da na sauke injin gaba ɗaya, na kai tof aka goge, na sayi gaskit, na sayi metal ɗin karanshaf don ruwa ya riga ya cinye su. Duk daga aljihuna. Ya karɓi makulli ko godiya bai yi ba.

Bayan wata biyu direban da ya bar masa aiki ya biyo ta wurina. Shi ya gaya mini motar ta tafasa sau biyu a hanya kafin a kawo mini, an yi ta kwara mata ruwan sanyi tana tururi, sannan aka zuba mata garin toshe yoyo, aka cire tamostat don allura ta kwanta. Mutumin ya san abin da ya kawo. Wanda zai ɗora wa yake nema, ya same ni. Ko gobe na gan shi zan gane fuskarsa.

To, ga aikinka. Ruwa ba ya ɓacewa, fita yake, kuma sau da yawa ba ya fita sai injin ya yi zafi ya matse shi. Duba murfin lagireto, za ka ga an buga 0.9 ko 1.1 a kansa. Nauyin matsin da yake riƙewa ke nan. Ruwa a buɗe yana tafasa a digiri 100, amma da wannan matsin sai ya kai wajen 120 bai tafasa ba. In robar murfin ta tsage ko sifirin ɗinsa ya saki, ruwa zai riƙa gudu ta ƙaramin tiyon gefe ana cikin tafiya, ba za ka taɓa ganin ɗigo a gareji ba. Na sha ganin an sauke lagireto mai lafiya saboda mataccen murfi.

Ɗauko famfon gwajin matsi da ke cikin akwatina. Injin a sanyaye, ka cika ruwa, ka ɗaura famfon a bakin lagireto, ka hura zuwa lambar da ke kan murfin, kada ka wuce. Ka zuba wa allurarsa ido minti 15. In tana sauka, ka ɗauki tocila ka bi: bakin kowane kilif, inda robar lagireto ta haɗu da alminiyam, ƙarƙashin famfon ruwa, da marufan ƙarfen nan da aka buga a jikin bulok, wato gangar jikin injin, waɗanda tsatsa ke hudawa a motar da ta yi shekaru ana ba ta zallan ruwa. Ka shiga ciki ka taɓa shimfiɗar ƙafa ta gaba. In ta jiƙe, ga wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi, gilashi na yin hazo, hita ce ta fashe a bayan dashbod.

In allura na sauka kuma waje a bushe yake, injin ne ke shanye ruwan. Cire fulogi duka ka jera su. Wanda ya fito fes kamar an wanke shi, silindarsa ruwa ke shiga. Ka tayar da injin da sanyi, murfi a buɗe: kumfa na tasowa ba ƙaƙƙautawa? Ka rufe, ka matsa tiyon sama, in ya yi tauri tun injin bai ɗumama ba, hayaƙi ne ke shiga ruwa. Ka dubi salansa, farin hayaƙin da bai daina ba bayan injin ya yi zafi ba raɓa ba ce. Wannan aikin gaskit ne, ba na tiyo ba.

Yadda ake canza tiyo da fitar da iska bayan an cika ruwa, ba zan ɓata bakina ba. Ko yaron da aka kawo jiya ya san ba a buɗe murfi injin na da zafi. Abin da ke ba ni haushi da ku yaran yanzu, kun fi yarda da waya a kan idonku. Ka kalli bidiyo na minti uku ka zo kana lissafa mini kayan da za a saya, hannunka tsaf ko baƙin mai babu. Ko a jona kwamfuta, in ba ta nuna komai ba ku ce mota lafiya. Kwamfuta ba ta ganin tsatsa. Mu sai da muka shekara muna wanke noti kafin a bar mu mu taɓa tof silinda. Kuma kada in ga ka cire tamostat ko ka zuba garin toshe yoyo a garejin nan. Tamostat na buɗewa ne a wajen digiri 82 zuwa 90 don injin ya zauna a zafin da aka gina shi a kai, garin nan kuwa hanyoyin lagireto da na hita yake toshewa tare da yoyon. Ruwan kulan, wato ruwan sanyaya injin, da ka zubar ka tare shi a bokiti ka rufe, yana da zaƙi kuma guba ne, yana kashe dabba da ƙaramin yaro.

Yanzu kira mai motar ya zo ya tsaya a kanka. A gabansa za ka hura famfon, a gabansa za ka zaro sandar mai, ka buɗe gidan tamostat ya gani da idonsa. Abin da kuka gani ka rubuta a takarda da kwanan wata, ya sa hannu. Sannan ka zo ka gaya mini inda allurar ta tsaya bayan minti 15.