Fatawa: Maganin farfaɗiya yana tayar mini da zuciya, ya halatta in bar shi in yi haƙuri?

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam. Ni matar aure ce 'yar shekara 28, ina zaune a Aboabo nan Kumasi, sana'ata suyar ƙosai da sassafe, kuma ina goyon yaro. Ina da farfaɗiya tun ina budurwa. Wata biyu da suka wuce likita ya sauya mini magani zuwa Epilim, safe da dare. Tun lokacin ban faɗi ba, amma cikina ya ƙi zama: tashin zuciya, ƙwannafi, wani lokaci amai, wani lokaci gudawa har alwala ta gagare ni riƙewa. Uwar mijina ta ce maganin da ke sa ciwo ba magani ba ne, in ajiye shi a yi mini rukiyya da rubutu, in yi haƙuri kamar matar nan ta hadisi da aka yi wa alkawarin Aljanna. Na fara tsallake na safe. Malam, ya halatta in bari gaba ɗaya? Yaya sallata? Ga azumi kuma yana tafe.

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya ba ki lafiya, 'yar'uwa, ya sa kaffara ne.

Bai halatta ki ajiye wannan magani da ra'ayin kanki ba, kuma na safen da kike tsallakewa ki koma shansa daga gobe, ki je wurin likitanki cikin makon nan ki faɗa masa duk abin da kika faɗa mini, har da tsallakewar. Na sa hukuncin a gaba ne don kada ki kwana kina jiran ƙarshen bayani.

Hujjar uwar mijinki ba ta banza ba ce, don haka da ita zan fara. Hadisin yana cikin Bukhari da Muslim. Ibn Abbas ya nuna wa Aɗa'u ɗan Abi Rabah wata baƙar mace, ya ce ga mace 'yar Aljanna. Ta je wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta ce tana farfaɗiya kuma tsiraicinta yana buɗewa, ya roƙa mata Allah. Ya ba ta zaɓi: in ta so ta yi haƙuri tana da Aljanna, in ta so ya roƙa mata waraka. Ta zaɓi haƙuri, amma ta nemi ya roƙa mata kada ta riƙa buɗewa, ya roƙa mata. Manyan malamai, cikinsu har Ibn Hajar, sun ciro daga nan cewa barin neman magani ya halatta. Ba mai musun wannan.

Sai dai halinki da nata sun bambanta ta fuskoki da suke sauya hukunci. Ita ba ta fara wani magani ba balle ta yanke shi. Ke kuwa jikinki ya yi wata biyu yana sabawa da ƙwayar da ke danne ciwon, kuma likitoci sun haɗu a kan cewa yanke maganin farfaɗiya farat ɗaya yana iya tayar da faɗuwar da ta fi ta da muni, irin wadda jijjiga ke wuce minti 5 ba ta tsaya ba, ko ta riƙa maimaituwa mutum bai farfaɗo a tsakani ba. Wannan kan kashe. Wanda ya yanke magani a irin wannan hali ya aikata wani abu da hannunsa da zai jawo masa halaka, Allah kuwa ya ce a Baƙara aya ta 195 kada mu jefa kanmu cikin halaka da hannayenmu. Sannan ki dubi inda kike tsayawa kowace asuba: kasko cike da tafasasshen mai a gabanki, wuta a ƙarƙashinsa, yaro a bayanki. In kin yarda ki ɗauki cutar a kanki, shi yaron bai yarda ba, kuma Annabi ya ce ba cuta ba cutarwa, kamar yadda Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa.

Akwai kuma batun yadda aka san amfanin magani. Malaman farko sun sassauta a barin magani saboda yawancin na zamaninsu zato ne, ko ya yi ko bai yi ba. Inda amfani ya tabbata, hukunci kan yi nauyi. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Jidda a 1992, ta yanke cewa neman magani yana zama wajibi idan barinsa zai kai ga rasa rai ko gaɓa ko nakasa. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce kusan kashi 70 cikin 100 na masu farfaɗiya za su iya zama ba faɗuwa in sun sami magani yadda ya dace. Ke da bakinki kika ce wata biyu ba ki faɗi ba. Annabi ya ce, a hadisin Usamatu ɗan Sharik da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito, bayin Allah su nemi magani, domin Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar mata da magani, in ban da tsufa.

Ladan haƙuri kuwa bai kuɓuce miki ba. Haɗiye ƙwaya kullum kina sane za ta tayar miki da zuciya, don ki tsare ranki da na ɗanki, haƙuri ne cikakke.

Rukiyya ta shari'a da ayatul kursiyyu da falaƙi da nasi da addu'o'in safe da yamma, ki yi su, a yi miki, tare da magani. Ibnul Ƙayyim da kansa, wanda masu rukiyya ke yawan kafa hujja da shi, ya kasa farfaɗiya gida biyu, ya ce ɗaya daga matsalar jiki take, ita ce likitoci ke magana a kai. Ki gaya wa uwar mijinki wannan cikin ladabi, ko mijinki ya gaya mata, domin ƙauna ce ta sa ta magana. Amma biyayya gare ta ba ta kai ga abin da zai cuce ki ba.

Yanzu ciwon cikin. Ba na raina shi. Ƙa'idar malamai ita ce in cuta biyu suka haɗu a ɗauki mai sauƙi a kauce wa mai tsanani, kuma ita mai sauƙin ma a rage ta gwargwadon iko. Abin da kike ji sananne ne ga sodiyam balfurowet, wato abin da ke cikin Epilim. Ya fi tsanani a makonnin farko, kuma ga mutane da yawa yakan lafa. Ki sha shi a tsakiyar cin abinci ko bayan kin ci. Ina zargin na safen nan da kike tsallakewa kina haɗiye shi ne ciki wayam kafin ki fita suya, ko a kan koko mai citta da barkono, wanda shi kaɗai ma yana tayar da ƙwannafi. Ki sa wani abu mai ɗan nauyi a ciki tukuna, ki rage shito, wato soyayyen yajin barkono, da maiƙo. In ƙwayarki mai ɓawon nan ce mai santsi, kada ki tauna, kada ki daka ki zuba a koko, domin an yi ɓawon ne don ta wuce tumbi kafin ta narke. Ki bar ta cikin takardarta ta azurfa sai lokacin sha, tana jan laima, laimar Kumasi kuwa kin san ta. Likita yana da hanyoyi da dama: ya rage ya riƙa ƙarawa sannu a hankali, ya ba ki nau'in da ke narkewa a hankali, ko ya sauya miki wani. Kowanne dai yana da nasa. Kabamazafin, wato Tegretol, kan kawo jiri da tashin zuciya da taurin bayan gida. Fenitoyin kan kumbura dasashi. Fenobabiton ya fi sauƙi a ciki amma yana sa barci. Tofiramet yana kashe sha'awar abinci. Zaɓin na likita ne, shi ya san irin farfaɗiyarki. Ki kuma tambaye shi tun yanzu abin da za ki yi in kin yi amai jim kaɗan bayan sha, kada ki ninka da kanki.

Akwai alamomin da ba a jira da su. Ciwon ciki mai tsanani da ke sukar har baya, amai da ya ƙi tsayawa, ido ya yi rawaya irin na shawara, kasala da barcin da ba ki saba ba, ko ƙuraje da ɗaɗewar baki. Wannan magani, ko da yake ba kasafai ba, yakan taɓa hanta, musamman a wata 6 na farko, ko wata gaɓa da ke bayan tumbi da ake kira fankiriyas. In kin ga ɗaya daga ciki, a ranar a kai ki asibiti, Komfo Anokye ko wanda ya fi kusa. Nan zuwa asibiti wajibi ne, ba a tsaya jiƙa kanwa ko sayen kwalbar bitas a tasha ba. Taramol da ake sha don ciwon jiki ki nisance shi ƙwarai, yana tayar da farfaɗiya.

Wani abu da ba ki tambaya ba amma amana ta sa in faɗa. Balfurowet yana cutar da ɗan tayi: kusan 1 cikin 10 na jariran da uwarsu ta sha shi da ciki ana haifarsu da nakasa, wasu da dama kuma su sami jinkirin magana da koyo. Ke matar aure ce a shekarun haihuwa. Ki tafi da mijinki ku yi wannan magana da likita kafin wani ciki. Jinkirta haihuwa da yardar ku biyu saboda irin wannan larura ya halatta. In kuma cikin ya riga ya shiga, kada ki yanke maganin, ki gaggauta zuwa wurinsa.

Sallah kuma shari'a ta yalwata miki. A mazhabarmu ta Malikiyya amai ba ya karya alwala. Ki kurkure baki, ki wanke inda ya taɓa in ya sauya daga kamannin abinci. Gudawa tana karya alwala, amma idan ta zama tana zubowa ba da ikonki ba har ta cinye rabin lokaci ko fiye, ta shiga hukuncin mai yoyon fitsari: ba ta karyawa, sabunta alwalar mustahabbi ne. Mai Risala, littafin fiƙihun Malikiyya, ya ambaci mai ciwon ciki ƙarara, ya ce in haɗa salla ya fi masa sauƙi ya haɗa Azahar da La'asar a tsakiyar lokacin Azahar, Magariba da Isha kuma lokacin ɓacewar shafaƙi. Ya ce kuma wanda ke tsoron hankalinsa zai gushe a lokacin salla ta biyu ya haɗa su a farkon lokacin ta farko. In kin faɗi hankali ya gushe, alwala ta karye. Sallar da lokacinta ya fita gaba ɗaya kina sume babu ramuwarta a kanki.

Saura azumi. Allah ya ɗauke wa marar lafiya a Baƙara aya ta 184 da 185, ya rama a wasu kwanaki. Shehu Khalil ya fayyace iyakar a Mukhtasar: an yarda a sha azumi saboda ciwon da ake tsoron ƙaruwarsa ko jinkirin warkewarsa, kuma shan ya zama wajibi in ana tsoron halaka ko cuta mai tsanani. Mai tantance wannan tsoron shi ne likita amintacce da kuma abin da kika jarraba a jikinki. Mu nan Ghana muna da wani sauƙi: daga alfijir zuwa faɗuwar rana awa 13 ne da ɗoriya, ba kamar 'yan'uwanmu na Ingila da kan kai awa 18 in azumi ya faɗo musu a bazara ba. Saboda haka mai shan magani sau biyu a rana sau da yawa likita kan iya mayar masa da shi sahur da buɗa-baki, kuma duka biyun lokutan cin abinci ne, abin da cikinki ke so. Amma ki je tun cikin Sha'aban, kada ki tsara da kanki ranar da aka ga wata. A ganina, mace da aka sauya wa magani wata biyu kacal, cikinta bai daidaita ba, tana gudawa tana goyo, ta fi kusa da wadda za a ce ta sha azumin bana ta rama daga baya. In likita ya ce kada ki yi, azuminki a lokacin saɓo ne. In ya ce ki yi, ki tsare barcinki, domin rashin barci yana cikin manyan masu tayar da ciwon. Tahajjudin goman ƙarshe nafila ce, ki yi abin da ya sauwaƙa a gida ki kwanta.

In kina azumi amai ya rinjaye ki, azuminki yana nan, muddin wani abu bai koma maƙogwaro ba bayan ya iso baki. In ke kika jawo shi da gangan don ki ji sauƙi, sai ramuwa. In larura ta sa kika haɗiyi ƙwaya da rana, ramuwar yini ɗaya ce ba kaffara. In kin faɗi bayan alfijir ya keto kina cikin hayyacinki, suman bai wuce rabin yini ba, azumin ya inganta. In alfijir ya same ki a sume, ko suman ya cinye mafi yawan yinin, ki rama.

Idan shekaru suka nuna ba za ki taɓa iya azumi ba ko ramuwa, kamar mai shan magani sau uku da ba ya matsuwa, to sai ciyarwa: mudun Annabi ɗaya na abincin gari, masara ko shinkafa, ga miskini ɗaya a madadin kowane yini. Mudun nan cikin tafi biyu ne na matsakaicin mutum, bai kai olonka, gwangwanin awon hatsi na kasuwa, ba. A wurin Malikiyya wannan ciyarwa mustahabbi ce, Shafi'iyya da Hanbaliyya sun wajabta ta, kuma fita daga saɓani ya fi in da hali.

Kafin likita ya daidaita miki maganin, ki sami wadda za ta tsaya miki a bakin kasko, ke ki koma wajen ƙulla ƙosai da karɓar kuɗi, yaron kuma a sauke shi daga bayanki muddin kina kusa da wuta. Mutanen gida su sani in kin faɗi a kawar da abin da zai ji miki rauni, a juya ki gefe ɗaya, a rufe miki jiki, kada a tura miki cokali a baki ko a ɗura miki ruwa ko rubutu, kuma yawun mai farfaɗiya ba ya sa wa kowa ciwon. In jijjigar ta wuce minti 5, a nemi mota zuwa asibiti.

Wallahu a'alam.