Na'urar Jin Baba Tana Fito: Mu Ƙara Kuɗi Ko Mu Gyara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Wata biyu ke nan da muka saya wa mahaifinmu na'urar ji, irin wadda ake ratayawa a bayan kunne, siririyar waya ta shiga ciki. Damuwarmu fito. Da ya ja hula, ko ya kara waya a kunne, ko ya yi sujada, sai ta ɗauki tsuwa har na kusa da shi a sahu ya waiwayo. Yanzu ya jefa ta aljihun babbar riga. Mai shago ya ce mu ƙara kuɗi a sa masa lasifika mai ƙarfi. Mu biya? — Daga Funtuwa

Amsa: Wa'alaikumus salam. Ɗan'uwa, riƙe kuɗinka tukuna. Ka san ƙarar da lasifikar masallaci ke yi idan ladan ya matso da makirufo kusa da ita? Ita ce wannan. Sautin da na'urar ta ƙara yana zurarowa daga ramin kunne, ya koma makirufon da ke bayan kunnen, a sake ƙara shi, ya sake zurarowa. Hula da waya suna tare masa hanya ne su mayar da shi. To idan aka ƙara ƙarfi alhali kafar da yake zurarowa tana nan, fito zai ƙaru ne.

Abu na farko, a leƙa kunnen Baba. Dauɗar kunne idan ta taru takan mayar da sauti waje, kuma wanke ta a asibiti kaɗai yakan kashe maganar. Kada dai a sa tsinken ashana.

Na biyu, ka nemi takardar gwajin jinsa. Ita ce ke zaɓar lasifika, ba mai shago ba. Kamfanoni na yin waɗannan ƙananan lasifikoki da ke bakin siririyar wayar, cikin kunne, hawa-hawa: Phonak na rubuta S, M, P da UP, Oticon kuma 60, 85, 100 da 105. Wanda jinsa ya ɗan ragu, ƙarama ta ishe shi. Wanda raunin jinsa ya haura desibel 65 (ma'aunin ƙarfin sauti), wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ke kira mai tsanani, shi ke buƙatar manyan. Wayar ma tana da tsayi iri-iri. In ta yi gajarta, sai ta riƙa janyo lasifikar waje duk lokacin da ya tauna goro.

Inda nake zargi shi ne 'yar hular robar da ke kan lasifikar. Akwai mai huji-huji, an yi ta ne don wanda siraran sautuka masu tsini kawai suka ɓace masa. Sa wa dattijo mai raunin ji sosai irin wannan, kamar ɗibar ruwa ne da rariya. Akwai rufaffiya, akwai mai hawa biyu, kuma gwada su ba shi da tsada. In duk ba su yi ba, a zuba masa matoshi daidai da kunnensa: ana toshe can ciki da ɗan soso mai zare, a ɗura wani abu mai laushi, ya daskare cikin 'yan mintoci, a ƙera matoshin da wannan siffa. Ka roƙa a ɗauki siffar bakinsa a ɗan buɗe, domin ramin kunne yana faɗaɗa idan muƙamuƙi ya motsa. Na silikon mai taushi ya fi kama kunne ga mai buƙatar ƙarfi da yawa. Na akirilik mai tauri ya fi sauƙin sawa da gogewa ga hannun tsoho.

Sai dai ka shirya jin sabon ƙorafi. In an toshe kunnen ruf, zai ce yana jin muryarsa kamar daga cikin randa. Don haka ake huda wa matoshin ƙofar iska. Babbar huda, daɗin murya da fito. Ƙarama, shiru da ɗan nauyin kunne. Mai gwajin ji ne zai daidaita, sannan ya sake saita na'urar a kwamfuta. In shagon ba su da wannan, ga Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna, ga sashen kunne, hanci da maƙogwaro na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

Tambaya: Ɗiyata mai shekara 2 tana sa na'ura mai matoshi. Da lafiya lau, yanzu tsuwa ba dare ba rana, sai na rage ƙarar. Na'urar ce ta lalace? — Wata uwa daga Maraɗi

Amsa: 'Yar'uwa, da wuya. Yarinyar ce ta girma, matoshin ya yi mata kaɗan, kamar takalmin bara amma a juye: kunnen ya buɗe, matoshin yana lilo. A wannan shekarun ana sake zuba shi duk bayan 'yan watanni, kuma na silikon ake yi wa yara. Ki kuma lanƙwasa siririn tiyon da ke haɗa matoshin da na'urar ki gani. In ya bushe ya yi rawaya ko ya tsage, ta nan ma sauti ke fita, a sauya shi. Rage ƙarar kuwa ki daina. Fito zai tsaya, amma tare da shi maganarki za ta daina isa kunnenta, a daidai lokacin da take koyon magana. Ki kai ta a ɗauki sabuwar siffa cikin makon nan.