Amsa kan gida na uku a cikin tebur

Salamu alaikum jama'a. Ƙanena da ya ce ya rubuta td:eq(2) don jerin maki, wato gida na uku a kowane layi na teburin da ke shafinsa na yanar gizo, ya koma ja amma gida ɗaya tak ya canza, saurara. Lafiyar jQuery ɗinka, wato laburaren JavaScript ɗin da kake aiki da shi, ƙalau. Shi eq tattara duk td ɗin da ke shafin, wato gidajen tebur, yake yi, ya jera su, ya ciro maka guda ɗaya, shi ke nan. Kuma daga sifili yake ƙirga, shi ya sa 2 ta ba ka na uku. Kai kuwa na ukun kowane layi kake nema, to td:nth-child(3) za ka sa. Wannan daga ɗaya yake farawa, kar ka kuma sa masa 2. Tun 2019 ma, da jQuery 3.4 ta fito, masu jQuery suka ce a daina sa :eq a cikin selekta, wato rubutun da ke zaɓo abu a shafi. Burauza da kanta ta san nth-child, ka ba querySelectorAll, umarninta na zaɓo abubuwa a shafi, kawai.

A'a tsaya, in gyara. In layinka da th ya fara, wato gidan take mai ɗauke da sunan ɗalibi, nth-child zai ƙirga da shi. In td zalla kake son a ƙirga, nth-of-type ne naka.

Amma ni gaskiya ƙirgen nan gaba ɗaya ba na son shi, don ya taɓa ƙona ni. Wata makaranta na yi wa shafin sakamako, suna, gwaji, jarabawa, jimla, sai matsayi. Na ce gida na huɗu, in bai kai 40 ba ya yi ja. Komai na tafiya daidai. Ashe wani ya shiga bayana, yaran da ba su zauna jarabawa ba ya haɗe musu gida biyu da colspan ya rubuta "bai zo ba". To a layinsu gidajen sun ragu da ɗaya, na huɗu ya zama matsayi. A ido tebur tsaf yake, ba ka ganin komai, amma jan ya sauka inda bai kamata ba. Iyaye suka yi ta kira, aka ce ni na ɓata aiki. Kwana biyu ina bin layukan nan ɗaya bayan ɗaya cikin dare, wanda ya yi abin kuma har yau bai ce uffan ba. Wallahi har yanzu abin yana ci mini rai.

Tun daga nan class, wato laƙabi, nake ba gidan, in kira shi da sunansa, td.jimla, ko an ƙara ko an rage ba ruwana.  Turo mini HTML ɗin layi biyu na farko in ga ko akwai th.