Amsoshin Tambayoyinku: Sakataren Cinikin Ƙasashen Waje na Birtaniya

Tambaya: Edita, na ji an ce Harold Wilson ya taɓa riƙe muƙamin Sakataren Cinikin Ƙasashen Waje kafin ya zama Firaministan Birtaniya. Mene ne asalin muƙamin, kuma shin yana nan har yau? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Malam, abin da ka ji gaskiya ne, sai dai muƙamin ya daɗe da shuɗewa. Kujera ce ta ƙaramin minista wadda aka ƙirƙiro a 1917, ana tsaka da Yaƙin Duniya na Farko, kuma taƙaddama ce ta haife ta. Ma'aikatar Harkokin Waje da Hukumar Ciniki sun daɗe suna ja-in-ja a kan wadda za ta mallaki jami'an da ke tattaro labarin kasuwanni a ƙasashen ƙetare, da aka rasa wadda za ta haƙura, sai aka kafa musu sashe ɗaya na haɗin gwiwa, aka ce shugabansa ya kasance ƙaramin minista a wuraren biyu lokaci guda. A ganinmu wannan ne raunin kujerar tun daga tushe, domin mai iyayen gida biyu ba ya rasa wanda zai saɓa wa. Sir Arthur Steel-Maitland ne ya fara hawanta.

Aikin sashen shi ne sanar da 'yan kasuwar Birtaniya inda hajarsu za ta samu shiga, tare da shirya musu bikin baje kolin kayan masana'antu. Duk da ƙanƙantar kujerar, ta taɓa tayar da ƙura, domin a watan Yulin 1939 Robert Hudson, wanda ke riƙe da ita a lokacin, ya gana da wani jami'in Jamus mai suna Helmuth Wohlthat a Landan, jaridu kuma suka baza labarin cewa an tattauna bai wa gwamnatin Hitler bashi mai tsoka, lamarin da ya jefa gwamnatin Firaministan Birtaniya Neville Chamberlain cikin kunya.

Shi kuwa Wilson, watanni kaɗan ya yi a kai cikin 1947, inda ya je Mosko neman yarjejeniyar ciniki da Tarayyar Sobiyet, kafin a ɗaga shi zuwa shugaban Hukumar Ciniki yana ɗan shekara 31. Kafin zuwansa ma an riga an narkar da sashen cikin Hukumar Ciniki a 1946, amma muƙamin ya ci gaba har 1953, lokacin da aka soke shi bayan Harry Mackeson, wanda shi ne na ƙarshe da ya riƙe shi, aka miƙa aikin ga wani minista a hukumar.