Ku Tambayi Kawu: Takunkumin da Ba na Ƙura Ba

TAMBAYA

Assalamu alaikum Kawu. Shago biyu gare ni a babbar kasuwar Katsina, ina sayar da atamfa da shadda da leshi, har gobarar watan Maris na 2021 ta tashi. Saura 'yan makonni a kama azumi, na shaƙe su da kayan sallah, fiye da rabi bashi ne daga Kantin Kwari. Ko ƙyalle ban fitar ba. Na sayar da mota da fili na rage bashin, yanzu Keke Napep ɗin wani nake ja, kullum in kai balas. Tukunya ba ta kwana a kife ba, alhamdu lillahi. Amma ba na fita sai da takunkumi, ko da ba hunturu, kuma ba na ɗaukar fasinjan kasuwa. Kwanan baya a Ƙofar Ƙaura yaron da ya shekara shida a shagona ya tsayar da ni ya shiga. Ban ce uffan ba har ya sauka, ya miƙo kuɗi na karɓa kaina a sunkuye. Daren nan ban runtsa ba. Ɗaurin aure da majalisa duk na daina zuwa. Kawu, yaushe zan koma yadda nake?

Ɗanka daga Ƙofar Marusa

AMSA

Wa alaikumus salam, Alhaji. Haka zan kira ka, don wuta ba ta cin tsayuwar Arfa. Allah Ya mayar da alheri.

Ba za ka koma yadda kake ba. Ko gobe aka danƙa maka makullan shago goma, wanda zai zauna a ciki wani mutum ne daban, wanda ya san zafin ranar Katsina a kan titi, ya san wahalar da ake sha kafin naira ɗari biyu ta shiga aljihu. Wancan Alhajin da kake jira ya dawo, shekaru kake ta zaman makokinsa ba ka shafa fatiha ba.

Ni ma na ɗanɗana. Da masaƙar da nake aiki a Kaduna ta rufe, na kwaso iyali muka dawo gida, ina da 'ya'ya biyar. Wata huɗu ina goge takalmi da safe, in saɓa jaka in fita kamar mai zuwa ofis, in je gindin wata bedi can wajen Ƙofar Guga in zauna sai la'asar. Ranar da na gaji na kasa itace a ƙofar gida, na zaci unguwa za ta girgiza. Maƙwabcina ya zo ya sayi ɗauri biyu, ya ce sun yi ɗanye, ya wuce. Shi ke nan abin da na yi wata huɗu ina gudu.

Yanzu maganar yaron nan. Alhaji, fasinja a baya yake zama. Takunkumi fuska yake rufewa, shi kuwa shekara shida yana kallon ƙeyarka kana auna yadi. Na fi zaton ya gane ka tun kafin ka ba keke wuta, ya ga ka ɓuya, shi ma ya yi maka kara. Ba banza ake mana kirari da ɗakin kara, kunya gare ku ba dai tsoro ba. Sai dai kunyar nan ta sa mutum biyu masu ƙaunar juna sun yi tafiya kamar kurame, kuma ina jin shi ma bai yi barcin kirki ba.

Ka san labarin Abdurrahman bin Auf. Ya baro dukiyarsa a Makka ya isa Madina hannu rabbana, Sa'adu bin Rabi'u ya ce su raba tasa biyu. Ya sa masa albarka, ya ce a nuna masa kasuwa kawai. Da cuku da man shanu ya fara, a fili, kowa na gani.

Ragowar bashin kuma, kada ka bari ya zama dodo. Hau mota ka je Kano, ka zauna da masu kayan, ka faɗi abin da za ka iya bayarwa duk wata ko da kaɗan ne, a rubuta da shaidu. Aya ta 280 a Baƙara ta ce a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi, kuma mai bashi yana cikin mutum takwas da zakka ta halatta gare su. Ɗan kasuwa ya fi jin haushin wanda ya kashe waya a kan wanda ya zo da hannu a sake.

Idan rashin barcin ya zarce mako biyu, abinci ya fita ranka, ko ka fara jin rayuwar ma ba ta da amfani, ka ga likita. Ciwon damuwa yana da magani, kuma addu'a ba ta hana shan sa.

Ranar Asabar ka bar takunkumin a gida, ka faka keken a bakin kasuwa, ka shiga ka nemi yaron nan. Kai za ka fara miƙa hannu, ka ce masa ranar nan kai ne direban. Ka rubuto min abin da ya ce.