Hukuncin Katin Bashi Ga Matafiyin Da Ke Kashe Kuɗi A Ƙasashen Waje

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara ilimi da lafiya. Aikina yana sa ni yawan fita ƙasashen waje, kuma na lura a wurare da dama an fi son kati a kan tsabar kuɗi, musamman a otal da wurin hayar mota da wajen sayen tikitin jirgi. Banki ya yi mini tayin katin bashi, ya ce ba zai cire mini cajin canji ba idan na yi sayayya a waje, kuma akwai maki da ake tarawa da inshorar tafiya. Sai dai a cikin takardar an rubuta cewa idan na wuce wa'adin biya za a ɗora mini kuɗin ruwa. Niyyata ita ce in riƙa biyan komai kafin wa'adi, ta yadda ko sisi na ruwa ba zai hau kaina ba. Shin ya halatta in karɓa? Idan bai halatta ba, wane irin kati zan nema, kuma mene ne hukuncin abin da ake cira wajen canji?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da iyalansa da sahabbansa.

Ɗan'uwa, Allah ya yi maka albarka da ka karanta takardar kafin ka sa hannu, domin hukuncin kati yana cikin yarjejeniyar da ke bayansa ne. Tambarin Visa ko Mastercard da kake gani a jikinsa hanya ce kawai da kuɗi ke bi daga banki zuwa mai kaya, kuma tambari ɗaya yana iya kasancewa a kan katin halal da katin haram. Abin da za a fara tambaya shi ne: kuɗin wa ake kashewa idan an goga katin? Idan naka ne da ke cikin asusunka, ko wanda ka loda wa katin tun kafin ka tashi, to babu bashi a tsakaninka da banki, wakilinka ne shi wajen miƙa kuɗinka ga wanda ka sayi kaya a hannunsa. Idan kuwa na banki ne, ya biya a madadinka ya rubuta maka bashi, to ka shiga babin rance, kuma dukkan hukunce-hukuncen rance sun hau kanka.

Katin da aka yi maka tayi na kashi na biyu ne, kuma an gindaya sharaɗin ƙari idan biya ya yi jinkiri. Wannan ƙarin shi ne ainihin ribar jahiliyya, wadda mai bin bashi yake cewa ko ka biya ko ka ƙara. A harshenmu kalmar riba tana ɗaukar halastacciyar ribar ciniki kuma tana ɗaukar wadda aka haramta, shi ya sa zan riƙa cewa kuɗin ruwa don kada a samu ruɗani. Allah Maɗaukaki ya faɗa a Suratul Baƙara, aya ta 275, cewa ya halatta ciniki kuma ya haramta riba, sannan a aya ta 278 da ta 279 ya umarci muminai su bar abin da ya saura daga gare ta, ya kuma yi shelar yaƙi daga Allah da Manzonsa ga wanda ya ƙi. Imam Muslim ya ruwaito daga Jabir, Allah ya yarda da shi, cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya la'anci mai cin riba da mai bayar da ita da marubucinta da shaidunta biyu, ya ce duk daidai suke. A lura da marubuci da shaidu: babu abin da ya shiga aljihunsu, amma la'anar ta haɗa da su saboda sun taimaka wajen ƙulla yarjejeniyar.

Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, wadda ke ƙarƙashin Ƙungiyar Haɗin Kan Ƙasashen Musulmi, ta tattauna wannan mas'ala a zamanta na 12 a birnin Riyad a shekarar 2000, kuma a ƙudurinta mai lamba 108 ta yanke cewa bai halatta a fitar da katin bashi ko a yi mu'amala da shi ba matuƙar an sharɗanta ƙarin ruwa, ko da mai neman katin ya ƙudurta biya a cikin kwanakin da ake yafewa. Ka ga ke nan niyyar da ka ambata an dube ta, kuma ba ta sauya hukuncin ba.

Adalci ne in faɗa maka cewa akwai malaman zamani da suka sassauta ga wanda ya tabbata zai biya a kan lokaci. Hujjarsu mafi ƙarfi ita ce ƙissar Barira da ta zo a Bukhari da Muslim, lokacin da Nana A'isha, Allah ya yarda da ita, ta so ta saye ta ta 'yanta ta, masu ita suka ce sai dai wala'i, wato alaƙar da ke ba wanda ya 'yanta bawa damar gadonsa, ya zama nasu, Annabi ya ce ta saya, domin duk sharaɗin da ba ya cikin Littafin Allah ɓatacce ne ko da sharaɗi ɗari ne. Suka ce haka sharaɗin ruwa yake, ciniki ya inganta, sharaɗi ya faɗi. Ina girmama masu wannan magana, amma zuciyata ba ta natsu da ƙiyasin ba. A Madina akwai hukuma da ta soke sharaɗin masu Barira, ya faɗi bai yi aiki ba. Sharaɗin banki kuwa doka tana bayansa, ranar da ka makara kwamfuta za ta lissafa ta ɗora maka, kotu kuma za ta tilasta ka biya. Sannan matafiyi shi ne ya fi kowa kusa da makara: jirgi yana jinkiri, layin waya yana ƙin aiki a ƙasar da aka sauka, saƙon sirri na shiga asusu yana ƙin zuwa, rashin lafiya tana kamawa, kuɗin da ake jira yana maƙalewa a hanya. Mutum yana da iko a kan niyyarsa, ba shi da iko a kan gobe. Saboda haka fatawata ita ce kada ka karɓi wannan katin alhali kana da wata mafita, kuma yafe maka cajin canji da aka yi ba ya goge sharaɗin da ke cikin takardar.

Mafita kuwa tana nan. Katin da ke cira kai tsaye daga asusunka, da katin da ake lodawa kuɗi, dukansu halal ne, kuma majalisar da na ambata ta tabbatar da haka a zamanta na 15 a Maskat a shekarar 2004, da sharaɗin babu ruwa a cikin yarjejeniyar. A nan ka duba abu ɗaya: wasu bankuna suna barin asusu ya zarce abin da ke cikinsa, su mayar da rarar bashi mai ruwa, to ka nemi a rufe maka wannan ƙofa. Haka nan katin bashin da babu sharaɗin ruwa ko tarar jinkiri da banki ke ci a cikinsa, irin wanda wasu bankunan Musulunci ke fitarwa, ya halatta. Banki yana da damar karɓar kuɗi ƙayyadadde na fitar da kati da sabunta shi, gwargwadon hidimar da ya yi, yana kuma da damar karɓar kamasho daga mai kaya, muddin mai kayan bai ƙara maka farashi a kan na mai biya da tsaba ba.

Sai dai kada sunan Musulunci a jikin kati ya hana ka bincike. Akwai katunan da aka gina a kan abin da ake kira tawarruƙin banki, inda idan ka kasa biya sai a sayar maka da wata haja a takarda da farashi mai tsada zuwa wa'adi, a sake sayar da ita nan take a biya tsohon bashin, ka wayi gari bashinka ya ƙaru. Majalisar ta haramta irin wannan tsararren tawarruƙi a zamanta na 19 a Sharja a shekarar 2009. Haka kuma idan kuɗin shekara ko na wata yana hawa daidai da girman bashin da aka ba ka damar ci, to akwai abin dubawa, domin ladan hidima ba ya bin yawan rance. Ka tambayi ma'aikacin banki tambaya ɗaya ka saurari amsarsa da kyau: idan na makara wata guda, nawa zan biya, kuma aljihun wa zai shiga?

Batun canji ya fi buƙatar natsuwa. Idan ka sayi abu da yuro alhali asusunka na dala ne, an yi canji a tsakani, kuma ƙa'idar canji tana cikin hadisin Ubada ɗan Samit da Muslim ya ruwaito: idan nau'o'in suka bambanta ku sayar yadda kuka so matuƙar hannu da hannu ne. Saboda haka ribar canji halal ce, abin da aka hana shi ne jinkirin karɓa. Majalisar ta bayyana a zamanta na 6 a Jidda a shekarar 1990 cewa shigar da kuɗi cikin asusu yana tsayawa a matsayin karɓa da hannu, kuma ana yafe ɗan jinkirin da aikin banki ya saba ɗauka. A kan wannan, idan katin na kuɗinka ne, cajin canjin da ake cira, wanda a yawancin bankunan da ke karɓarsa yakan kama daga kashi 1 zuwa kashi 3 cikin 100, ribar canji ce da ladan wakilci, babu laifi a ciki idan an sanar da kai tun farko. Idan katin na bashi ne marar ruwa, to wajibi ne canjin ya tsaya a farashin da aka sani a ranar, saboda an ruwaito cewa Abdullahi ɗan Umar ya kasance yana sayar da raƙuma da dinare ya karɓi dirhami, Annabi ya ce masa babu laifi idan da farashin ranar ne kuma ba su rabu da sauran wani abu a tsakaninsu ba. Dalili shi ne kada mai ba da rance ya ɓoye ruwansa a cikin farashin canji. Kuma kada ka sayi zinariya ko azurfa ko kuɗin wata ƙasa da katin bashi, domin ƙuduri na 108 ya hana hakan. Da katin kuɗinka kuwa ya halatta.

Akwai wata nasiha da ta shafi tsare dukiya. Sau da yawa na'urar biya ko ta cirar kuɗi a ƙasar waje takan tambaye ka ko kana so a caje ka da kuɗin ƙasarka ko da kuɗin ƙasar da kake ciki. Ka zaɓi na ƙasar da kake ciki. Idan ka zaɓi na ƙasarka, kamfanin da ke bayan na'urar ne zai yanka farashin canji, kuma galibi ya fi na bankinka tsada. Ban ce haram ne ba, tunda an nuna maka ka yarda, amma Annabi ya hana tozarta dukiya kamar yadda ya zo a hadisin Mugira ɗan Shu'uba.

Cirar tsabar kuɗi da katin bashi na bankunan ruwa kuwa ita ce mafi muni a wannan babi, domin a al'adarsu ruwa yana fara hawa tun daga ranar da aka cira, babu kwanakin yafiya. Wanda ya yi haka ya faɗa cikin riba a aikace ko da ya biya bayan kwana biyu, kuma ko malaman da suka sassauta ba su halatta wannan ba. Da katin kuɗinka, cajin da mai na'ura ke karɓa ladan aiki ne.

Maki da rangwamen tikiti kyauta ce, kuma kyautar da ta fito daga mai ba da rance zuwa ga mai ci ba ta cikin amfanin da aka hana, don haka halal ne a katin da asalinsa halal ne. Amma ba don ƙaunarka aka tsara su ba, an tsara su ne don hannunka ya saki, saboda haka kada su zama ma'auninka. Inshorar da ta zo a haɗe da katin halal ba tare da ka biya mata kuɗi na daban ba, malamai da yawa sun yi sauƙi a kanta domin mabiyiya ce, kuma ana yafewa a mabiyi abin da ba a yafewa a asali. Inda hukuma ta wajabta inshorar lafiya kafin ta ba da biza, kamar yadda ƙasashen Turai na yankin Shengen ke yi, ka fara neman takaful, wato inshorar Musulunci ta taimakekeniya, idan ba ka samu ba babu laifi a kanka.

Saura abin da ka faɗa game da otal da hayar mota, kuma gaskiya ne sukan riƙe wani adadi a kati a matsayin jingina, wasu kamfanonin hayar mota ma sukan dage sai katin bashi. Ka tuntuɓe su kafin ka tashi, domin da yawa suna karɓar katin asusu idan akwai isasshen kuɗi a ciki, sai dai sakin abin da aka riƙe yakan ɗauki kwanaki, don haka ka tafi da rara. Idan ka bincika da gaske, ba ka samu katin bashi marar ruwa ba, tafiyar kuma ta zama dole, barin katin zai jefa ka cikin ƙunci na haƙiƙa, to ina fatan babu laifi ka riƙe shi gwargwadon buƙatar, domin lalura ana auna ta ne da girmanta. A wannan hali ka zuba kuɗinka a cikin katin kafin ka yi amfani da shi idan banki ya yarda, ta yadda naka za ka kashe, ko kuma ka ba da umarnin a riƙa cire dukkan bashin daga asusunka kai tsaye kafin wa'adi, domin biyan mafi ƙarancin adadin da suke rubutawa shi ne ƙofar ruwa. Kada ka ciri tsaba da shi, kada ka mayar da shi katin sayayyar yau da kullum, kuma ranar da ka samu madadinsa ka je ka rufe shi. Son maki ko zama a ɗakin hutu na filin jirgi ba ya cikin wannan rangwame.

Allah ya kai ka lafiya ya dawo da kai lafiya. Allah ne mafi sani.