Amsa ga mai gashin da rilaksa ta cinye

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da dare. Ƙanwata da kika turo tambaya ɗazu, na saurari muryarki har sau biyu. Kin ce kin sa rilaksa sau biyu a wata guda saboda ta farkon ba ta kama ba, yanzu kuma in kin jiƙa gashin sai ya riƙa miƙewa kamar cingam, ki taɓa shi ya biyo hannunki. Sannu. Wallahi na ji miki, don na taɓa tsayawa gaban madubi da mataji cike da guntayen gashina bayan an bar mini rilaksa ta wuce lokacinta.

To, ki fara ajiye kwalin nan tukuna. Silin gashi furotin ne da ake kira keratin, kuma akwai wasu ƙulle-ƙulle a cikinsa, su ne ke ba shi ƙarfi da murɗewa. Aikin rilaksa shi ne ta tsinka su don gashin ya kwanta. Mai ƙarfin cikinsu soda ce irin wadda ake yin sabulu da ita, a ma'aunin pH, wato ma'aunin tsami da ƙarfin soda, tana kaiwa 12 zuwa 14, alhali fatar kai tana wajen 5. Waccan da ake haɗa ta da ɗan ruwan kwalba, da ake cewa ba ta da soda, ita ma tana tsinkawa, har tana barin kalsiyam a jikin gashi ya bushe ƙamas. Ƙullin da ya tsinke kuwa ba ya dawowa, ko wane mai aka shafa. Abin da za mu yi shi ne lallaɓa wanda ya rage har sabo ya fito.

Ga gwajin da za ki yi. Ɗauki sili ɗaya daga mataji, ki jiƙa shi, ki riƙe da yatsu biyu ta nan, biyu ta can, ki ja a hankali. Mai lafiya zai ɗan miƙe, ki sake shi ya koma yadda yake. In ya yi ta tafiya bai dawo ba, sannan ya tsinke, furotin yake nema, kuma naki ke nan. In kuwa tas ya karye tun ba ki ja sosai ba, bushewa ce.

Saboda haka ki nemi abin gyaran gashi mai furotin, wanda aka rubuta keratin a jikinsa. Ki sa yadda kwalin ya ce, ki wanke, nan take ki bi da kondishina mai laushi, ki rufe da hular leda minti 20 zuwa 30. Kar ki tsallake wannan na biyun, don Allah. Furotin shi kaɗai yana sa gashi ya yi tauri kamar tsintsiya, ya koma karyewa. Mai ƙarfinsa sau ɗaya a sati 4 zuwa 6 ya isa, kondishinan kuwa kowane sati. Man kwakwa kafin wanki yana taimakawa, don yana shiga cikin silin ya rage asarar furotin.

Gashin nan a jiƙe ya fi rauni, kar ki cuɗa shi da tawul, matse shi kawai. Ki fara warware shi da yatsu, sannan mataji mai manyan haƙora, daga baki zuwa gindi. Ki rabu da ƙarfen gasa gashi da rini, da kitso mai jan fatar goshi. Da dare ki ɗaura ɗankwalin siliki.

Sai maganar da na san ba za ki so ba: bakin da ya yi siriri, kina hango haske ta cikinsa, sai almakashi. In kin bar shi, tsagewar za ta yi ta hawa sama.

Gashi yana tsirowa kusan santimita 1 a wata. Ko mai lafiyar gashi ana so ta bar sati 8 zuwa 12 kafin ta sake sa rilaksa, kuma a sabon tsiro kaɗai, ba a kan tsoho ba. Ke dai ni a ganina ki ba shi wata 6. Ki kula da wurin da sabon ya haɗu da tsohon, nan ne yake yawan ɓallewa.

Abu ɗaya na manta. Ki duba guntayen da ke zuba: in gajeru ne ba ɗan farin ƙwallo a gindinsu, karyewa ce. In kuwa kin ga ƙuna, ko ruwa na fita a fatar kai, ko tsakiyar kai ta fara yin fili tana sheƙi, wannan ya wuce gyaran gida, ki ga likitan fata da wuri, don tabo yana hana gashi sake fitowa. Ki yi gwajin silin gobe da safe ki faɗa mana abin da kika gani.